Tsakuwa Tara a Ƙoƙon Baba

Akwai wata magana da kuka taso kuna yi a gidan nan, kuma yau nake so a binne ta. Idan yaro ya ƙirga awaki ya ce goma alhali sha ɗaya ne, sai ku ce ya yi lissafin Baffa Sunusi. Idan gishiri ya zarce a miya, lissafin Baffa Sunusi. Har jikata Ummi, wadda ganinta da Sunusi bai fi sau uku ba, na ji ta ranar nan tana yi wa ƙawarta wannan baƙar, kuna ta dariya, ni ma na ɗan murmusa don kada a gane ni. Shekara talatin ke nan da ɗoriya ina wannan murmushin. To, ku bar abin da kuke yi ku karanta, domin ƙanena Sunusi bai taɓa kuskure lissafi ba. Ni na lalata masa shi, da wannan hannun da nake rubutu da shi.

Sai na fara da kakanku, don yawancinku ba ku riske shi ba. Iyayensa makiyaya ne, shi ne na farko a zuriyarmu da ya ajiye sanda ya kama fartanya a Madadi, kodayake har ya bar duniya bai rabu da 'yan shanu biyar ko shida a bayan gida ba. Abin da aka san shi da shi a garin nan shi ne lissafin taurari. A wurin wani tsohon malami ya koya tun yana saurayi. Shekara, in ji shi, taurari ashirin da takwas ce, kowanne da sunansa, kowanne yana yin kwana sha uku ya fita wani ya shiga, sai guda ɗaya da ake ƙara wa kwana don shekarar ta cika. Ba ya rubutu, ba ya duba kalanda. Ƙoƙo biyu gare shi a ɗakinsa da tsakuwa sha uku, da wata igiyar rama a rataye jikin ƙusa. Kullum in ya dawo daga sallar Asuba zai ɗauki tsakuwa ɗaya daga wannan ƙoƙon ya jefa a wancan. Ran da ƙoƙon ya ƙare ya yi ƙulli a igiya, wani tauraro ya shiga ke nan. Da bazara ta yi nisa kuwa zaurenmu ba ya rabo da mutane, domin ƙa'idar Baba ɗaya ce: duk ruwan da ya sauka kafin tauraron da ake kira Haƙa'a ya shiga, komai yawansa, kada ka ba shi irinka, zai ɗauke ya bar ka. Ba ya cewa tauraro ke kawo ruwa, in ka faɗi haka a gabansa ma sai ya sa ka yi istigfari. Cewa yake Allah ke saukar da ruwa, taurari alama ce ya kafa don bawa ya san inda shekara ta kai.

Ni ne ɗan fari, na ba Sunusi shekara bakwai. Ni na goya shi, ni na kama hannunsa na koya masa rubuta sunansa. Ni na fara zuwa boko a gidan nan, ni na fara ɗaukar albashi, ni na fara sayen keke. A makarantar da nake koyarwa a Gwarzo, in aka ce Malam Haladu mai kimiyya, kowa ya san wanda ake nufi, kuma ba yabon kai ba, na iya Turanci. In na shiga aji na ɗaga bulala, yara sittin za su ɗauki jerin sunayen duniyoyi da ƙarfi, Makuri, Binas, As, Mas, Jufita, har kwanon rufi yana amsawa. Suna haddacewa tsaf, suna cin jarrabawa. Amma babu ɗaya a cikinsu da ya san cewa Binas ɗin nan ita ce Zara da yake gani a saman gidan ubansa bayan Magariba, ita ce kuma Gamzaki in ta fito da asuba. Ni kaina ban sani ba sai daga bakin Sunusi.

Na taɓa gwada kai wa Baba ilmina. Lokacin na dawo daga kwalejin horon malamai, kaina a sama, na same shi a gindin durumi na zauna na yi masa bayani mai tsawo a kan yadda duniya ke juyawa, rabi Hausa rabi Turanci, har da zane a ƙasa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce:

"To, madalla. An ba shanu ruwa kuwa?"

Tun daga ranar ban sake ba. Na sa a raina tsoho ne, kansa ba zai ɗauka ba, lissafinsa kuwa na kira shi camfi a zuciyata, kodayake ban taɓa furtawa ba.

Sai ga Sunusi ya zama ɗan ƙaramin malami a makarantar ƙauye. Turancinsa ba wani na a zo a gani ba, takardar neman hutu ma ni nake gyara masa da jan biro. Amma ya je ya sayi wani littafi mai jan bango ya shiga bin mutane. Ya je maƙera ya zauna yana tambayar me suke kira in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, ya bi masu haƙar rijiya, ya bi mata masu dafa rini yana tambaya a kan tururi da yadda yake komawa ruwa a jikin murfi. Duk kalmar da ya ji ya rubuta, a gefenta ya sa ta Turanci. Falaki, husufi, bakan gizo, raɓa, walƙiya, maganaɗisu, tauraruwa mai wutsiya, Kaza da 'ya'yanta wadda malamai ke kira Suraiya. Abin da bai samu sunansa ba sai ya kawo wa Baba su yi ta jujjuya shi har su raɗa masa. Na ce masa wannan ai aikin banza ne, jarrabawa da Turanci ake yin ta. Ya ce ya sani, yana so ne yaro ya fara gane abin kafin ya haddace sunansa. Na yi tsaki na wuce.

Wata rana bayan Magariba na dawo daga Gwarzo na jingine keke, na ɗauki buta, sai na ji dariyar Baba. A lokacin idonsa ya riga ya tafi, sai ɗan dishi-dishi, kuma rabon da in ji ya yi irin wannan dariya na manta. Na leƙa ta jikin zana. Sunusi ne ya kunna fitilar ƙwai ya cire ƙwan, ya danƙa wa Baba lemo a hannu ya matso da hannun kusa da wutar.

"Baba, lemon nan ita ce duniya, fitilar nan ita ce rana. Ina kake jin ɗumi?"

"Wajen babban yatsa."

"To, mutanen wajen babban yatsa rana ta fito musu. Juya shi a hankali. Yanzu fa?"

"Ya koma wajen ƙaramin. Kai, ɗan nema! Wato na babban yatsa sun shiga dare, ita kuwa fitilar ko motsi ba ta yi ba?"

"Ko motsi."

"To, tsaya. In juyawa muke yi, me ya hana ruwan rijiyarmu zubewa?"

"Ƙasa ce take jan komai zuwa gare ta, Baba, yadda maganaɗisu ke jan allura."

"Ikon Allah! To rubuta a littafin naka, jan ƙasa. Kada ka sa wani suna, wannan ya isa."

Maganar da na gaya masa shekara goma da suka wuce ke nan fa, ita ce dai, ba a ƙara mata komai ba. Ni aka tambaye ni ruwan shanu, shi kuwa ga tsoho yana rungume da lemo yana kiransa ɗan nema. Na tsaya nan da buta a hannu, sauro na cizona, ban iya shiga ba ban iya tafiya ba. Inna ce ta fito daga madafi ta same ni.

"Haladu, me ya hana ka shiga ka zauna da su?"

"Ba ni da lokacin wasan yara, Inna. Na gaji."

"Uhm," in ji ta. "Wannan fuskar taka dai ba ta gajiya ba ce."

Kishi ne, 'ya'yana. Ba zan sa masa wani suna mai daɗi ba. Na yi ƙyashin ƙanena, na ji baƙin cikin dariyar ubana don ba ni na sa shi ba. Kuma abin bai tsaya nan ba. Ba a yi wata biyu ba, wata safiya Baba ya tsaya a kan ƙoƙonsa ya rasa ko ya jefa tsakuwar ranar ko bai jefa ba. Sai ya sa aka kira mu mu biyu. Da na ji an ce mu biyu, har na gyara zaman hulata. Muka durƙusa, ya lalubo ƙoƙunan ya tura su gaba, ya ce:

"Sunusi, daga yau kai za ka riƙa juya tsakuwa. Ka bar su nan ɗakina dai, ina son in riƙa jin ƙararta. Haladu, kai ne shaida."

Shaida! Na ce Allah ya sanya alheri. Abin da na raina ne fa, wanda da an ba ni da farko ƙila in ajiye shi a ƙarƙashin gado. Amma da aka tsallake ni aka ba wani, sai ya zama ba abin da nake so a duniya kamarsa. Mutane suka fara zuwa zaure, su gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, yaya makaranta, yaya ɗalibai, in amsa duka, sannan su ce, "Malam ƙarami yana ciki?" Dattawan da suka yi mini wasa ina yaro, su ne suke durƙusa wa wanda na goya.

A bazarar da ta biyo baya aka aiko daga Kano ana neman malami ɗaya daga yankinmu, zai je ya zauna da masana wata guda da 'yan kwanaki su tsara kalmomin kimiyya da Hausa don 'yan firamare. Babu wanda ya yi shakkar ni za a tura, ni ma ban yi ba, har na kai babbar rigata wanki da guga. Ashe jami'in ilmi ya taɓa biyawa ta makarantar Sunusi ya tarar da shi ya fito da yara fili, ya tsayar da ɗaya a matsayin rana, ɗaya duniya, ɗaya wata, suna zagaya juna yana nuna musu yadda inuwa ke kawo husufi, ya kuma duba littafin nan mai jan bango. Takardar ta hannuna ta biyo, ni aka ba a ofis aka ce in kai wa ƙanena tunda gidanmu ɗaya. A bakin hanya na tsayar da keke na karanta sunan sau uku, ko zai canza. Na kawo masa, na ce na taya shi murna, har rigar da na sa aka goge na ara masa.

Ran da zai tafi, da muka fito daga masallaci, ya ja ni ɗakin Baba.

"Yaya, ga amana. Ɗaya kullum, in sha uku ta cika ka ƙulla igiya ka juyo da su. Ba ni da wanda zan bar wa sai kai."

"Je ka abinka," na ce. "Ƙirga tsakuwa ne zai gagare ni?"

Mako na farko na riƙe amana, Allah ne shaidata. Kullum in shiga in gaida Baba, in ɗauki tsakuwa in sake ta ta yi ƙwas a cikin ƙoƙo, in fita. Har na fara jin daɗin abin. Sai wata safiya, Baba yana kwance fuskarsa na kallon bango, ya ji ƙarar tsakuwar, ya ce cikin muryar wanda bai gama farkawa ba:

"Allah ya yi maka albarka, Sunusi."

"Ni ne, Baba. Haladu."

"Af. To, kai ma."

Kai ma. Da wannan kalma na yini a aji, da ita na ci tuwo, da ita na kwana. Washegari na shiga na saki tsakuwa ɗaya ta yi ƙara yadda ya saba ji, sannan na ɗauki ta biyu na ajiye ta da yatsu a hankali, ba ta yi ko ƙis ba. Hannuna bai yi rawa ba, wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna. Na gaya wa kaina ai camfi ne, tsakuwa ba ta hana ruwa ba ta kawo shi, iyaka dai wani malami ya ƙaryata Sunusi a bainar jama'a, ya ɗan ji kunya, ya san cewa akwai na gaba da shi. Ban yi kullum ba. Sai ran da Baba ya tambayi yaushe Sunusi zai dawo, ko ran da wani ya zo zaure ya ce zai jira Malam ƙarami. Kafin ya dawo na yi haka sau tara, lissafin Baba ya riga shekara da kwana tara.

Sunusi ya dawo ya yi haske, da jakar takardu da tsarabar burodi. Ya shiga ɗakin Baba ya ƙirga ƙullin igiya, ya ƙirga tsakuwa. Sai ya ce, "Kai, kwanaki na gudu. Sannu da ƙoƙari, Yaya." Bai ƙara duba komai ba, saboda ni ne. Bayan kwana huɗu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun azahar har la'asar sakaliya, kwalabati suka cika. Da safe zaure ya cika har waje. Sunusi ya fito ya ce Haƙa'a ya shiga shekaranjiya, kowa ya shuka da sunan Allah. Ina tsaye a bakin ƙofa, na san saura mako guda cur, kalma ɗaya ta ishe ni in tsayar da su. A cikin masu tambaya har da Gwaggo Hanne, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji. Irin gyaɗa kwano uku gare ta, ta adana shi cikin tulu da toka tun kaka, ta hana kanta ci ta hana kanta sayarwa.

"Sunusi, in zuba duka?" in ji ta.

"Zuba, Gwaggo. Lokaci ya yi."

Na bi ta da kallo har ta sha kwana. Gari duk ya fita gona, mu ma muka shuka gandu. Gayaunata kawai, 'yar gonar da Baba ya yankar mini tawa ta kaina, ita ce ban taɓa ba. Na ce jarrabawar yara ta sha mini kai, sai an kwana biyu.

Shuka ta fito kore shar, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta washe. Kwana biyar, kwana goma, kwana sha bakwai, ko ɗigo. Rana ta buɗe, gero ya nannaɗe ya zama kamar zare, gyaɗa ta ƙone a tsaye. A matsayina na malamin kimiyya ina gaya muku, ba tsakuwata ce ta ɗauke ruwan ba. Amma da an bi lissafin gaskiya da irin mutane yana cikin rumbu, kuma wannan ba abin da zai wanke ni daga gare shi. Ran kasuwar Gwarzo maganar ta fashe. Mutanen ƙauyen Jama'a, waɗanda malaminsu ya ce su dakata, suka tare namu suna yi musu dariya, wai a Madadi taurari ma gudu suke yi. Aka kawo lissafin malamin Jama'a aka gwada da namu, kwana tara cif. Da yamma dattawa suka zo zaure, aka fito da Baba aka zaunar. Ba wanda ya ɗaga murya, da ma sun ɗaga da ya fi sauƙi. Gwaggo Hanne ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce:

"Sunusi, ni dai maganarka na bi. Shi ke nan abin da na zo in faɗa."

Kowa ya san wanda ya riƙe ƙoƙo da Sunusi ya yi tafiya. Jira nake ya juyo ya dube ni, na riga na shirya rantsuwar da zan yi. Bai juyo ba. Kansa a ƙasa ya ce:

"Kuskurena ne. Ni aka ba amana, ni na ce a shuka. Ku yafe mini."

Da mutane suka watse Baba ya ce a kawo masa ƙoƙunan. Ya daɗe yana shafa su. Ya ce wa Sunusi takardun birni sun raba masa hankali biyu, sunan da ya yi shekara arba'in yana tarawa an zubar masa a damina ɗaya. Sannan ya lalubo hannuna.

"Riƙe, Haladu. Kai ne babba. Da ma ni na yi tsallake."

Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku tsane ni: na ji daɗi. Maganar da na yi shekaru ina jira ke nan, kuma da ta fito daga bakinsa sai da na ji sanyinta har ƙafata. Daɗin ya yi mini kwana uku. A na huɗu wani ya zo daga ƙauye ya tambaye ni wane tauraro ne zai shiga bayan Zira'a, na buɗe baki na rasa. Sunaye shida kawai na sani cikin ashirin da takwas. Baba kansa ya riga ya fara rikicewa, Sunusi kuwa ina zan iya tambayarsa? Na ci gaba da jefa tsakuwa kullum don tsoho ya ji ƙara, ba tare da na san sunan abin da nake ƙirgawa ba. Mutane suka sake shuka da irin da suka samo daga dangi, aka samu abin da aka samu. Gwaggo Hanne ba ta yi gyaɗa ba a shekarar, Sunusi ne ya riƙa kai mata hatsi daga rabonsa, ni ko ƙwaya ban kai ba, don kada a ce me ya sa. Zaurenmu ya koma wurin kwanan awaki. Baba ya rasu da kaka ta zagayo, bai sake kiran Sunusi hira bayan Magariba ba. Sunusi ya nemi canjin wurin aiki ya koma Kabo, ya yi aure a can. Da aka sake kiransa Kano don a ƙarasa aikin kalmomin, ya ce a ba wani. Wani ɗan maƙwabta ne ya fara cewa lissafin Sunusi, ku kuka ƙara masa Baffa, ni kuwa ina ji ban taɓa tsawatarwa ba.

Bara Ummi ta zo mini da aikin gida. Malamarsu ta ba su kalmomin kimiyya ashirin su nemo Hausarsu wurin manya. Ta ce ai kakanta tsohon malamin kimiyya ne, ita ta gama cin maki. Na sa tabarau na duba, na iya bakwai. Na zauna ina kallon takardar, ina ganin littafi mai jan bango a idona, na san duk suna ciki. Washegari na shiga mota zuwa Kabo. Na same shi a ƙofar gida yana yanka wa tumaki harawa, gemu ya yi fari fat, ya rame. Ya tashi da sauri ya karɓi jakata, ya shimfiɗa mini tabarma, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba tun yana yaro. Muka yi ta gaisuwa, ya tambayi kowannenku da sunansa. Da gaisuwa ta ƙare na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce:

"Sunusi, tsakuwar nan. Ni ne."

"Na sani, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin dattawa su zo zaure. Da shuka ta fara ƙonewa na ɗauki kalanda na ƙirga daga ran da na tafi, na ga tara sun yi yawa. Na ce ko mantuwa ce. Sai na tuna duk Madadi gayaunarka ce kaɗai ba a shuka ba."

"To me ya hana ka faɗa wa Baba?"

Ya koma kan yankan harawa, bai dube ni ba.

"Tsoho ya rasa ido, ya rasa lissafinsa. In je in ce masa ya rasa ɗan fari kuma? Na ga gara ya tafi yana ganin yana da ɗa mai sakaci. Wannan uba yana iya ɗauka."

Na tambaye shi littafin. Ya ce ya daɗe a ƙasan akwati bai buɗe ba, da ya zo dubawa gara ta cinye, sai bangon. Na miƙa masa takardar Ummi, ya cike sha biyar, ya ce sauran sun ɓace masa. Na ce to taurarin Baba fa, ya faɗa mini in rubuta. Ya rufe ido ya fara jerowa, ina rubutawa, muryarsa sak ta Baba. Ya kai sha tara ya tsaya. Ya koma farko ya sake, ya sake tsayawa a sha tara. Ya yi 'yar dariya ya ce tsufa. Tara suka ɓace, kuma a zuriyarmu babu sauran wanda za a tambaya.

Kuna zaton na dawo da nadama kaɗai? A cikin motar nan, tsakanin Kabo da Gwarzo, hawaye na zuba mini, na ji tsohon abin nan ya motsa a ƙirjina, yana nan da ransa. Shekara talatin yana riƙe da maganar da za ta wanke shi, ana yi masa dariya har a bakin jikoki, bai furta ba, ya kuma durƙusa ya gaishe ni. Ni da tsakuwa ɗaya ta gagare ni riƙewa. Har a wannan ma ya fi ni, kuma na ji haushin hakan, Allah ya yafe mini.

Ƙoƙunan suna cikin akwatina na ƙarfe, da igiyar, da tsakuwa sha uku cif. Ranar Juma'a babbanku zai ɗauka ya kai Kabo, ya ba mai su a gaban 'ya'yansa, ya karanta musu wannan rubutun da ƙarfi. Maganar nan kuwa ban ce ku daina ta ba, na san bakinku ya riga ya saba. Sunan kawai za ku gyara. Daga yau duk wanda ya ƙirga ba daidai ba a gidan nan, ku ce ya yi lissafin Haladu, kuma ku faɗa ina zaune a wurin.